An shafa wa gidanmu jan fenti a bakin hanyar Katsina: mu sayar ko mu jira diyya?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda irin wannan ta taɓa faɗa wa. Gidanmu na gado yana bakin hanyar Kano zuwa Katsina, gaba da Bichi kafin a kai Tsanyawa. Kun san aikin tagwaita hanyar nan, tun zamanin Jonathan aka bayar da shi ake ta jan ƙafa. To masu awo sun shafa jan fenti a bangonmu, alamar ta cinye shaguna uku da ke gaba, da zaure, da rabin ɗakin da Inna take kwana. Abin da ya rage ɗaki biyu ne da tsakar gida da rijiya. Takardarmu ta ciniki ce kawai mai hatimin dagaci, ba mu da satifiket, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati. Mu bakwai ne magada ban da Inna. Yanzu wani Alhaji ya turo dillali ya taya gidan gaba ɗaya miliyan shida, ya ce shi zai ji da maganar diyya. Yayyena biyu sun ce a sallama, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Da takardar dagaci ana biyan diyya? In mun zauna, za a bar mu mu sake fitar da shaguna a ragowar wurin? Kuma ƙafa nawa ake ja da baya daga titi?

Ɗan Dawanau: Wa alaikumus salam. Malam kar ka kuskura ka sayar. Fili a bakin titi ba a sayar da shi, ka zagaye abinka da katanga ka manta da shi, nan da shekara biyar ka gani.

Baban Khalifa: Abu mai sauƙi, ku ɗauki satifiket ɗinku ku kai ofishin ƙasa, da shi ake lissafin komai.

Malamin Firamare: Yaya Baban Khalifa, ai na faɗa a sama babu satifiket. Kuma gida ne da mutane a ciki, ba fili ba.

Tsohon Tela: Ƙanena, zauna ka ji wanda aka yi wa. Ba hanyarku ba ce, wata ce aka faɗaɗa a wajenmu, amma duk tafiyarsu ɗaya. Ina da shago da gida a bayansa, a nan na yi ɗinki har 'ya'yana suka girma. Ranar ƙiyasi aka tsayar da ni a ƙofar shago riƙe da allo mai lamba aka ɗauki hotona, aka ƙirga ɗakuna, aka tambayi bulo ne ko jar ƙasa, aka karɓi lambar asusun banki. Lokacin buhun siminti bai kai dubu biyar ba. Daga nan shiru. Ba damar gyara ko yoyon kwano, don an ce duk abin da ka ƙara bayan ƙiyasi asararka ce. Kuɗin bai shigo ba sai bayan an cire tallafin mai a 2023, naira ta faɗi, siminti ya ninka. Abin da aka ƙiyasta zai gina min shago da ɗaki biyu, ko linta bai kai ni ba. A cikinsa ma wakilin da muka sa wa hannu ya zare kashi goma.

Wannan duk na haƙura. Abin da ya karya ni cikon da aka yi. Sun ɗaga titi har ya wuce tagar ɗakina, suka kawo bakin kwalbati suka saita shi da ƙofar gidana. Babu wanda ya taɓa nuna mana zanen aikin, balle a tambaye mu ina ruwan garin yake bi tun kaka da kakanni. Ruwan farko na watan Agusta da tsakar dare muka farka katifa tana yawo. Keken ɗinkina a kan bulo huɗu na ɗora shi, duk da haka sai da ƙafarsa ta yi tsatsa. Har yau in ka shiga za ka ga zanen ruwan a bango daidai gwiwa. Na bi ofis-ofis, wannan ya ce aikin tarayya ne, wancan ya ce magudanar cikin gari ta jiha ce, ɗan kwangila ya ce shi abin da aka zana masa ya yi. A ƙarshe na sayar da ragowar gidan a wulaƙance, yanzu haya nake.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri Baba.

Ɗan Dawanau: Amin. Amma Baba wa ya saya? Na tabbata yanzu wurin ya yi kuɗi.

Tsohon Tela: Wani mai gidan mai ne. Ya haɗa da na maƙwabtana biyu, ya zuba tifa-tifa na ƙasa ya daidaita da titi. Ruwan da yake shiga gidana yanzu gidan na bayana yake shiga.

Direban Daf: To ai ka ji amsar Malam. Alhajin nan da ya taya ba ɗaki biyu da rijiya yake so ba, sabuwar fuskar titi yake so. In aka rushe shaguna, tsakar gidan Inna ita ce bakin hanya. Miliyan shida wasa ne.

Safiyo: Bari in ɗan yi bayani, aikina ne. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma tana ba shi ikon karɓe wuri saboda aikin al'umma kamar hanya. Diyyar da dokar ta tanada ta abin da ka yi a kan ƙasar ce: gini, rijiya, amfanin gona, itatuwa masu amfani. Ba a biyan kuɗin ƙasar kanta, ba a biyan cinikin da za ka rasa. Shi ya sa mai fuloti babu gini yake fita kusan hannu rabbana. Rashin satifiket ba ya hana diyyar gini a karkara, galibi da dagaci da mai unguwa ake tantance mai wuri. Maganar ja da baya kuwa, hanyar tarayya tana da hurumin mita 45.72 kowane ɓangare daga tsakiyarta, wato ƙafa 150. Duk ginin da ya shiga ciki ana iya cewa ya ci hurumin titi. Malam, kafin komai ka nemi a nuna maka inda turakun awo suke, ka ja tef da kanka. Ka kuma tambayi tsayin cikon da inda kwalbati zai faɗo.

Baban Khalifa: Ƙafa 150 daga tsakiyar wace hanya? Tsohuwar ko sabuwar? Don a garin surukaina gefe ɗaya aka ƙara hannun, tsakiya ta matsa, mutanen gabas aka kwashe, na yamma ko rumfarsu ba a taɓa ba.

Safiyo: Daga tsakiyar da ke cikin zanen aikin. Shi ya sa na ce ya ga turaku.

Tsohon Tela: Zanen da ba a nuna wa kowa. Ranka ya daɗe ku a takarda kuke gani. Ni tef na ja, turaku na gani, washegari yara sun tuge su sun kai wa mai ƙosai ta hura wuta. Da katafila ta zo ta ƙara taku shida a kan alamar.

Safiyo: Baba ban musa abin da ya same ka ba. Amma mutum ya yi tambaya uku, labarinka bai amsa ko ɗaya ba. Dokar ma ta ce in ba ka yarda da kuɗin ba akwai kwamitin rabon ƙasa na jiha da ake kai ƙorafi.

Tsohon Tela: Kai ka taɓa ganin tela ya je kwamiti ya dawo da kuɗi?

Auta: Jama'a a bi a hankali, kowa da inda ya sani. Ni dai Baba Tela zan bi, shi ruwa ya ci.

Maman Ilham: Mu an biya mu lafiya gaskiya, kar a tsorata bawan Allah. Shagon maigidana na bulo da kwano miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu aka ba shi, mangwaro biyu dubu arba'in-arba'in. Bai kai a gina irinsa ba, amma ba a cinye mana ba.

Mai Faci: Hajiya wace ƙasar kike? Nawa shagon dubu ɗari uku da hamsin aka rubuta, shi ma bulo ne. Ɗorawar babanmu da take ba mu kalwa duk shekara dubu biyar. Darbejiya cewa suka yi ba ta cikin lissafi.

Baban Khalifa: A wajenmu an biya darbejiya.

Mai Faci: To ka gani. Ya danganta da wanda ya riƙe biro da wanda ya tsaya a bayanka.

Direban Daf: Ni abin da na gani da idona a hanyar Maiduguri, tun da aka fara tagwaita ta zamanin Obasanjo nake bin ta: ana jin masu ƙiyasi sun kusa, sai ka wayi gari gonar gero ta haifi ɗakuna. Bulo jeri biyar, babu fandisho, babu ƙofa, a ɗora tsohon kwano a danne da dutse. Wani har akuya yake ɗaurewa a ciki don a ce da mai rai 😂

Auta: Malam ga shawara kyauta, ka kwana kana dasa mangwaro 😂

Safiyo: Irin wannan ne yake sa a yanke wa masu gaskiya kuɗi. Kasafin ɗaya ne, an ƙara masu ci.

Ɗan Dawanau: Ni maganar miliyan shida ce take ba ni dariya. Fuloti hamsin da hamsin a bakin titi ta wajenmu ba ka samu a miliyan goma sha biyar.

Mai Faci: Kai kana maganar Dawanau, kasuwar hatsi guda, tireloli har daga Nijar. Shi yana maganar ƙauye gaba da Bichi. A can wani abokina miliyan biyu da rabi ya sayi nasa, har da 'yar katanga.

Ɗan Dawanau: Yaushe? Kafin a yi jami'a a yankin ko bayan?

Mai Faci: Wace jami'a? Kwalejin horar da malamai ce a Bichi, kuma ta girme ka.

Malamin Firamare: Na gode ƙwarai. Safiyo, dillalin ya ce in mun sayar sunan Alhaji za a sa a takardar diyya. Amma hoton da aka ɗauka da allo na babban yayanmu ne. Wannan ba zai kawo rikici ba?

Gwaggon Yara: Ɗana, rikicin da zai zo ba na Alhaji ba ne, na cikin gida ne. Kuɗin nan asusun mutum ɗaya yake faɗawa. Mu da aka yi mana na layin dogon Kano zuwa Maraɗi, gonar gado ce, sunan wanmu aka rubuta. Kuɗi ya shigo, sai ya ce shi ya sha rana yana bin layi, shi ya ciyar da masu awo, ya cire wannan ya cire wancan. Mu mata abin da ya miƙo mana ko kuɗin atamfa biyu bai kai ba. Yau ko gaisuwar Sallah ba ma yi. Ku kira malami ya raba gadon nan a rubuce tun kuɗi bai zo ba, a fitar wa mahaifiyarku tumuninta. Kuma ku tambaye ta, ita ina take so ta kwana? Duk cikinku ban ji wanda ya tambaya ba.

Maman Ilham: Wallahi Gwaggo kin faɗi gaskiya. Tsohuwa a raba ta da maƙwabtanta da rijiyarta, ciwo ne.

Baban Khalifa: Ni ko an biya ni ba zan zauna bakin tagwayen hanya da yara ba. Garin surukaina an raba shi biyu da kankare a tsakiya. Makaranta da asibiti suna wancan hannun, gidaje suna wannan. Babu gadar tsallakawa, wurin juyawar mota sai ka yi tafiya mai nisa. Maƙabarta ma tana tsallake, da makara a kafaɗa ake ɗaga wa tirela hannu.

Direban Daf: Ku ma kuna da laifi. A gyara hanya a ce mota ta yi gudu, washegari kun fasa kankaren kun yi wa babura ƙofa, kun jera buhunan ƙasa da tsofaffin tayoyi a kan kwalta, masu rake da masu awara sun dawo har kan farin layi. Daf da lodi ba ta tsayawa kamar Keke Napep.

Baban Khalifa: To yara su yi fiffike? Da an yi mana gada wa zai fasa? Kuma 'yan wan-we da suke kashe mutane ai direbobi ne, don ƙyashin zuwa wurin juyawa.

Direban Daf: 'Yan ƙananan motoci ne da 'yan acaɓa, kar ka haɗa mu.

Mai Faci: Ku bar ta gada, ku yi ta kasuwa. An tashe mu daga bakin hanya an ce za a ba mu wuri. Wurin da aka nuna mana yana bayan gari, ko mai keke ba ya bi. Wa zai turo motar da ta yi faci har can? Da muka dawo bakin titi kuma kullum da mai rasit, na ƙaramar hukuma daban, na ƙungiya daban, na shara daban.

Auta: Na shara kuma? Mu nan ɗari biyu ne kullum, kuma ban taɓa ganin motar sharar ba.

Mai Faci: Ɗari biyu? Mu ɗari biyar muke bayarwa ranar kasuwa.

Malamin Firamare: Don Allah a dawo kan maganata, dillalin ya ce zuwa Juma'a yake son amsa. Safiyo, maganar sunan da ke takardar diyya fa?

Auta: Mai Faci, rasit ɗin naku akwai hatimi a jiki? Turo hotonsa mu gani, ina zargin namu a shagon kwamfuta ake buga shi.