Kunnen karena ya ƙi warkewa, wai sai an yi gwaji, dole ne?

Mai_Labrador:
Salam jama'a. Dan Allah masu ilimin dabbobi ku taimaka min. Karena kullum cikin kaɗa kai yake yana susar kunnen dama da ƙafa har wurin ya yi jajir, ga wari, in na leƙa sai in ga wani ruwa-ruwa rawaya kamar mugunya. An taɓa ba mu maganin ɗigawa ya lafa, yanzu ya dawo har ya fi na da, ko taɓa kunnen ba ya bari a yi. Na mai da shi wajen likita, shi kuma ya ce ba zai rubuta komai ba sai ya lakato dauɗar ya duba a madubin likita, wai ƙila ma a kai lab, wato ɗakin gwaji. Ni dai a ganina abu a fili yake, me zai hana a ba da antibayotik mai ƙarfi kowa ya huta? Ko neman kuɗi ne kawai?

Likitan_Dabbobi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya likitanka ya san aikinsa. Kaɗa kai da susa da wari duk iri ɗaya suke bayyana ko bakteriya ce, ko fangas, ko ƙananan ƙwarin kunne da ake kira Otodectes, ko ma wani tsinken ciyawa ne ya maƙale a ciki, kuma kowanne maganinsa daban, to da ido ta yaya za a raba su?

Abin da zai yi ba wani dogon aiki ba ne. Tsinken auduga zai sa ya lakato, ya shafa a gilas, ya rina, ya duba, kana zaune za a gama. In ya ga ƙwayoyi zagayayyu a cure wuri ɗaya yawanci Staphylococcus pseudintermedius ne, shi ne bakteriyar da ta fi yawa a ciwon kunnen karnuka. In ya ga masu siffar gyaɗa mai 'ya'ya biyu to fangas ne, Malassezia, wanda antibayotik ba ya yi masa komai ko ka juye kwalbar duka. In kuma dogaye ne siraran nan to a nan hankali ke tashi, don ana zargin Pseudomonas aeruginosa ko Proteus, shi kuma Pseudomonas taurin kai gare shi, yana jure magunguna da yawa, yana yin wata yauƙi da yake ɓuya a ciki magani ya kasa kai masa, yana kuma gwaigwaye fatar ramin kunnen. Yadda ka kwatanta mugunyar da zafin, ni ma shi zan fara tunani, amma tunani ne kawai sai an gani.

Sannan dole a leƙa da fitilar kunne a tabbatar dodon kunne bai fashe ba. Ramin kunnen kare ba miƙaƙƙe ba ne, yana sauka ƙasa sannan ya lanƙwasa ciki kamar harafin L, abin da kake gani daga waje baki ne kawai. In dodon ya fashe aka ɗiga antibayotik irin su gentamicin ana iya kurmantar da kare ko ya riƙa tafiya yana layi. In zafin ya yi yawa sai an ɗan sa shi barci kafin a duba.

Ummu_Lab:
Bari in ƙara a kan maganar Dakta, ni a ɗakin gwaji nake aiki. Abin da mutane ba su gane ba shi ne lafiyayyen kunne ma cike yake da ƙwayoyi, bakteriya iri-iri da ɗan Malassezia suna zaune lafiya ba sa cutar da kare. Binciken da ake yi yanzu ta hanyar karanta DNA ɗinsu ya nuna a kunne mai lafiya nau'o'in suna da yawa, da ciwo ya zo sai yawan nau'in ya ragu, ɗaya ko biyu su mamaye wurin. Shi ya sa in aka kawo mana samfur muka yi rainon ƙwayoyin da ke cikinsa, kusan kullum wani abu zai tsiro, amma tsirowa ba ta nufin shi ne mai laifin. Madubi ne ke nuna yawansu, da ko akwai fararen ƙwayoyin jini suna haɗiye su, wanda shi ne shaidar cewa jiki na yaƙi. Don haka madubi tukuna, lab daga baya, in an ga dogayen nan ko ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ko ya shiga kunnen tsakiya, wato bayan dodon kunne.

Wani abu kuma, takardarmu kan ce magani kaza ba zai yi aiki ba, amma lissafin an yi shi ne da adadin da ke kaiwa jini in an sha ko an yi allura, na ɗigawa kuwa ya ninka wannan nesa ba kusa ba, don haka kar ka yi mamaki in likita ya ba ka shi duk da haka.

Mai_Labrador:
Toh na gode sosai, wlh ban san haka abin yake ba. Amma me ke sa ya riƙa dawowa? Ko don yana son shiga ruwa ne? Kuma in ci gaba da goge masa kafin ranar da zan mai da shi wajen likita?

Likitan_Dabbobi:
Ruwa da faɗaɗɗen kunne mai rufe rami suna taimakawa, don wurin na zama da ɗumi da laima, amma yawanci ba su ne tushen ba. Abin da ya fi sa kunne ya riƙa dawowa alaji ne, wato jiki ya ƙi jituwa da wani abu, na abin da yake ci ko na ƙura da furen tsirrai, shi ke kumbura fatar, ƙwayoyin da dama suna nan su samu dama. Ka lura ko yana lasar tafin ƙafarsa ko susar ciki da hammata, ka faɗa wa likita. A karnukan da suka manyanta akan duba aikin tayroid ma, wato halittar nan da ke wuya kusa da maƙogwaro. Kar ka goge, kar ka ɗiga komai kafin ka je, zai ɓata samfurin, kuma kar ka zura tsinken auduga ciki, tura dattin yake yi can ƙasa. In ka ga ya karkatar da kai gefe ɗaya ko ido ɗaya ba ya ƙiftawa, kar ka jira ranar, ka kai shi yau. Allah ya ba shi lafiya.