Akwatin wutar karaban yana ƙis-ƙis, ba ya cajin batir: daga ina za a fara?

Mai Rumfa, Tawa:
Assalamu alaikum, magyara. Karaban ce ƴar Turai, irin ɗakin nan da mota ke ja, an girke ta wurin aiki ana kwana ciki. Akwatin wutarta, mai karɓar 220V ya fitar da 12V na fitilu da famfo da cajin batir, an rubuta 20A a jikinsa. In an jona wutar gari ko grup, priz na ciki suna aiki, amma fitilun 12V sai su ƙyafta su mutu, akwatin yana ƙis-ƙis kamar agogon bango, fankarsa ba ta juyawa. Batir na nuna 9,8V. Fizibil duk lafiya a ido. Zai gyaru ko a nemi sabo?

Baba Mai Rediyo, Katako:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kar ka kwance akwatin tukuna. Batir ɗin nan shi ne abin tuhuma na farko. Cikakken batir yana nuna wajen 12,6V, in ya yi rabi 12,2V. Wanda ya sauko 9,8V, ko ya sha ƙasa ƙwarai, ko ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya haɗe ciki. Irin wannan yakan ja wuta fiye da ƙarfin akwatin, sai akwatin ya yanke don kare kansa, ya sake tashi, ya sake yankewa. Ƙis-ƙis ɗin ke nan.

Cire wayar (−) ta batir, ka kashe fitilu da famfo. Samo ƙwan fitilar gaban mota mai 55W, yana cin kusan 4,5A, ka jona shi a bakin fitar akwatin, sannan ka ba da wuta ka auna. In ka ga 13,6 zuwa 13,8V tsaye, akwatinka lafiya lau. Shi kuma fizibil ba a duba shi da ido, sa masa miltimetir. Ka taɓa gindinsa ma: in robar ta yi baƙi ko ƙarfen ya saki, nan wuta ke ɓacewa.

Mai Rumfa, Tawa:
Na gode, Baba. An cire batir, an sa ƙwan. Har yanzu yana ƙis-ƙis, awon yana tsalle tsakanin 2V da 6V.

Gyaran Allo, Yamai:
To, malam, yanzu ciwon na kan allo, wato farantin cikin akwatin da aka liƙa ƙananan kayan lantarki a kai. Kafin komai: cire filogi, kuma ka sani babban kondansater mai 400V yana riƙe wuta sama da 300V bayan an cire. Yana iya kisa. Taɓa ƙafafunsa biyu da wayoyin ƙwan lantarki mai zare, 60W, har awo ya nuna ƙasa da 5V. Kar ka haɗe su da sukudireba, tartsatsin na ƙona layin allo.

Tunda yana ƙis-ƙis, yana ƙoƙarin tashi, wato fizibil ɗin ciki da gadar diyod da babban tiranzisto galibi suna raye. Da sun ƙone da shiru za ka ji. Abu biyu ke kawo wannan.

Na farko, kuma shi na fi zargi, ƙaramin kondansater da ke kusa da IC, ɗan guntun nan da ke sarrafa aikin akwatin, mai ƙafa takwas, sau da yawa UC3842 ko UC3843. Ƙaramin ne kamar ƙwayar wake, 47µF ko 22µF, 50V, yana kan ƙafa ta 7. UC3842 ba ya tashi sai wutar ƙafar nan ta kai 16V, in ta sauko 10V ya mutu. Kondansater ɗin ne ke riƙe masa wuta na ɗan lokacin da taransifoma zai fara ciyar da shi. In ya bushe, IC ya tashi, wutar ta zube nan take, ya mutu, ya sake. Abin haushi, ba ya kumbura, a ido kamar sabo. Kar ka tsaya auna shi, canza shi kawai. Duba rezistans ɗin tayarwa kusa da shi, yawanci tsakanin 100k da 220k, ɗaga ƙafa ɗaya kafin ka auna.

Na biyu yana ɓangaren fita. Diyod mai ƙafa uku da ke ɗaure jikin alminiyon, in ta nuna kusan sifili ta kowane ɓangare, ta haɗe. Cire ta daga allo ka tabbatar, don taransifoma na ruɗar awo. Kondansater na fita, 1000 ko 2200µF, duk wanda kansa ya tasa ko ya yi tsatsa a gindi, cire su gaba ɗaya, kar ka canza ɗaya ka bar ƴan uwansa. Sa masu 25V, 105°C, irin low ESR, wato masu ƙarancin turjiya a ciki. Masu 85°C da ake cirowa daga tsohuwar rediyo ba za su kai bazara biyu ba.

Gwajin farko kar ka ba shi wuta kai tsaye. Sa ƙwan 100W mai zare a jere da wayar shiga, ba tare da kaya a bakin fita ba. In ya haska ya dushe, madalla. In ya tsaya da haske, akwai haɗewa da ta rage.

Hajiya Sola, Yamai:
Duk abin da suka faɗa daidai ne, amma Baba, batir bai kuɓuta ba. Ko akwatin ya gyaru, kar a mayar masa da batir mai 9,8V sai an yi masa caji a waje, an bar shi ya kwana, an sake auna shi. In ya dawo wajen 10,5V, ɗaki ɗaya ya mutu, kuma zai sake wahalar da sabbin kayan.

Ƙanena, juya allon ka duba bayansa da madubin ƙara gani. Karaban ta sha hanya, girgiza na tsaga dalma a ƙafafun manyan kaya, wato taransifoma da rele da inda waya mai kauri ke shiga. Za ka ga ɗan zobe siriri kewaye da ƙafar. Narkar da shi ka ƙara dalma sabuwa.

Sai zafi. An ƙera akwatunan nan don sanyin Turai, ana ɓoye su ƙarƙashin kujera cikin rufaffen katako. A Tawa cikin Afrilu da Mayu inuwa kanta na wuce 40°C, balle cikin ɗakin kwano. Ƙa'idar kondansater ita ce, duk ƙarin 10°C yana raba rayuwarsa biyu. Ga ƙurar hunturu da ke liƙe fanka. Gwada fankar ita kaɗai da 12V, in ba ta juya sosai ba a canza, a huda ramuka a katakon sama da ƙasa, a sa raga. In da grup ake aiki, a bari ya daidaita kafin a jona karaban, a kuma cire ta kafin a kashe shi. Duba baristo, faifan nan shuɗi kusa da fizibil: in ya tsage ko ya yi baƙi, a sa sabo mai 275V.

Sabon akwati sai in taransifoma ya ƙone ko allon ya zama gawayi. Ko a nan, caja mai 12V 20A da ke bambance batir na ruwa da na jel zai maye gurbinsa, da waya mai 6mm² da fizibil 25A dab da kan batir.