HCl da asid ɗin ruwan khal: yawansu ɗaya, me ya sa pH ya bambanta?

Ɗalibin SS3: Assalamu alaikum malamai. Ina shirin WAEC, wani abu ya ɗaure mini kai. HCl da CH₃COOH (asid ɗin ruwan khal), kowanne mol 0.1 a lita, amma pH (ma'aunin tsami, yawan H⁺ ke saukar da shi) na HCl 1 ne, na ɗayan kusan 2.9. Daga ina bambancin ya fito? Kuma in na sirka HCl da ruwa sosai, ya zama mai rauni ke nan?

Malamin Kemistiri: Wa alaikumus salam. Ƙarfi daban, kauri daban. Kauri shi ne yawan asid a cikin ruwan. Ƙarfi kuwa, kashi nawa ne na asid ɗin ya rabu ya saki H⁺. HCl da ya shiga ruwa kusan duka yake rabuwa, H⁺ ya zama mol 0.1, pH ya tsaya a 1. Shi CH₃COOH, Ka ɗinsa (lambar da ke nuna ƙarfin rabuwar asid) 1.8 × 10⁻⁵ ne, a wannan kaurin wajen kashi 1.3 cikin ɗari kacal ke rabuwa, saura na nan a haɗe. Sirkawa ba ta mayar da HCl mai rauni, tsinkewa kawai yake yi. Ka ninka ruwansa sau goma, pH ya hau da 1. Mai rauni kuwa wajen 0.5 yake hawa, don ƙarin ruwa na sa wani sashensa ya ƙara rabuwa.

Mai Kula da Lab: Ƙari kan bayanin Malam, a taitireshan, wato auna yawan asid ta hanyar ɗiga masa NaOH har ya cinye shi, ɗalibai suke zamewa. 25 cm³ na kowannensu zai cinye 25 cm³ na NaOH mai mol 0.1 daidai, domin ana cinye H⁺, asid mai raunin yana sakin wani. Inda ake shan kashi shi ne zaɓen sinadarin nuna launi. CH₃COOH da NaOH suna kammala haɗuwa a pH wajen 8.7, to fenolftalin za ka sa. In ka sa metil oranj, launinsa yana juyawa tsakanin 3.1 da 4.4, zai juya tun aiki bai kai ko'ina ba, lissafinka ya fito ƙasa. Kuma kada "rauni" ta ruɗe ka: asid ɗin HF mai rauni ne, amma yana cin gilas, yana ratsa fata.

Injiniyan Sola: Ɗan'uwa, ka riƙe wannan in za ka sirka H₂SO₄ (asid ɗin da ake sirkawa a sa a batiri) mai kauri, na kashi 98. Asid ake zubawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan ana motsawa, da gilashin kare ido. Nauyinsa ya ninka na ruwa sau 1.84, in ka zuba masa ruwa sai ruwan ya tsaya a sama, zafi ya tafasa shi, ya fantsamo maka a fuska. Batirin sola da ruwansa ya ja baya kuma, tataccen ruwa marar gishiri (distilled water) ake ƙara masa, ba asid ba, don ruwan ne ke tafiya. Ruwan rijiya ko na famfo gishirin cikinsa na kashe farantan.