Neman shawara: ta ina zan fara koya mata baƙaƙen Ibrananci?

Salama gare ku 'yan'uwa. 'Yar yayana ce ta zo mana hutu Jos daga Ingila. Can aka haife ta, Turanci kaɗai take ji, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Ta ga Littafi Mai Tsarki na Ibrananci da na yi karatu da shi a makarantar tauhidi, ta buɗe shi ta hagu, na ce mata ai daga dama ake farawa. Tun daga nan ta addabe ni, sai na koya mata. Ni da ajamina na shiga ajin, shi ya sa rubutu daga dama da wasali a ƙarƙashin baƙi ba su zame mini baƙin abu ba. Ita kuwa ABCD ce kawai a kanta. In sa ta haddace baƙaƙen 22 tukuna, ko in haɗa mata da wasula tun farko? Hutun ba shi da tsawo.

Tsohon Malami: Ɗana, bi hanyar makarantar allo. Babbaƙu tukuna, sannan farfaru. Ta san alef, baƙin farko, zuwa tav, na ƙarshe, ta san guda biyar da ke sauya kama a ƙarshen kalma, wato kaf, mem, nun, pe da tsadi. Su kansu ɗige-ɗigen wasulan daga baya suka zo. Malaman Yahudawa da ake kira Masoret ne suka tsara su a garin Tibariya, tsakanin ƙarni na 7 da na 10, don kada karatun da aka gada da ka ya ɓace. Har yau jaridun Isra'ila ba sa sa su, sai a littattafan yara, waƙoƙi da littattafan ibada.

Maman Biyu: Baba, a yi mini afuwa, ban goyi bayan wannan ba. Almajiri yana da shekaru a gabansa, wannan yarinya makonni gare ta, kuma sha'awa ce ta kawo ta, ba wanda ya tilasta mata. Ka ba ta baƙaƙe 22 a bushe, kafin ta kai lamed ta koma kan wayarta.

Kawu, ka fara mata da kalmar da kunnenta ya riga ya sani. Rubuta mata שָׁלוֹם, wato shalom, da girma a takarda. Baƙaƙe huɗu ne, amma dubi abin da ke ciki. Na farko, mai suna shin, yana da ɗigo a kafaɗar dama, shi ya sa ake cewa "sh". Da a hagu yake, "s" ne. A ƙarƙashinsa akwai kamats, mai kama da ƙaramin T, shi ya ba da "a". Sai lamed, dogon da ya fi kowa tsawo a layi. Sai vav da ɗigo a kansa, a nan ya bar aikin baƙi ya koma "o". Na ƙarshe mem ne rufaffe, irin na ƙarshen kalma. Ta sa yatsa ta bi: baƙi, wasalinsa, ta matsa hagu. Sha, lom. A zama ɗaya ta karanta Ibrananci da bakinta. Washegari ka ƙara mata "amen", kwana na uku sunanta.

Kafin ma wannan, rubuta mata "Gd mrnng" ka ce ta karanta. Za ta karanta ba gargada, sai ka ce mata to haka masu harshen suke yi kullum. Mai Turanci ba ya yarda ana iya karatu ba wasali sai ya ga shi ma ya iya.

Ɗalibin Tauhidi: Ina bayan Mama. Abin da zan ƙara shi ne idonta zai riƙa yi mata ƙarya. Za ta ga samekh ta ce O ne, ta ga shin ta ce W, ta ga het ta ce n. Sai tagwayen da suka wahalar da mu duka a aji: dalet da resh, bet da kaf, he da het. Dalet kusurwarsa kaifi gare ta, resh a lanƙwashe yake. He yana da 'yar taga a sama ta hagu, het a toshe. Ka riƙa rubuta mata su biyu-biyu kusa da juna.

Wasula kuma kada ka fara da sunayensu. Sauti biyar za ka ba ta. Layi a ƙasa ko ƙaramin T, "a". Ɗigo biyu a jere ko uku kamar murhu, "e". Ɗigo ɗaya a ƙasa, "i". Ɗigo a sama, "o". Uku a karkace, ko vav mai ɗigo a ciki, "u". Sunaye irin su patah, segol da kubuts za su bi baya da kansu. Shva, ɗigo biyun nan a tsaye, ce mata kawai wani lokaci ɗauri ne, wani lokaci gajeren "e". Mu da muka yi zango guda a kansa ma har yanzu muna gardama.

Alaramman Unguwa: Ni ba Ibrananci na karanta ba, amma jerin da kuke faɗa na gane shi. Alef, bet, gimel, dalet, ai abajada ce, sai he, vav, zayin, hawwaza ke nan. Lissafin ma ɗaya ne a nan: alef 1, bet 2, yod 10. Kuma na ji sauƙi guda a zancenku, baƙaƙensu ba sa haɗuwa da juna kamar na Larabci, kowanne a tsaye yake shi kaɗai. Gaya wa yarinyar ta gode Allah.

Maman Biyu: Allah gafarta Malam, haka ne. Ita ma tana da rabonta a gadon, don alfa da beta na Girkawa, kakannin A da B ɗinta, daga rubutun Finikiyawa suka fito, gida ɗaya da alef da bet. Kawu, idan Baibul ɗinta na Turanci yana kusa, buɗe mata Zabura 119. Kashi 22 ne, kowanne aya 8, kuma yawancin bugu suna sa sunan baƙin a saman kowane kashi. Ga jerin da Baba yake so ta haddace, a littafin da take riƙewa kullum.

Tsohon Malami: To, na sassauta, amma da sharaɗi. Kowace rana ta rubuta da hannunta, ba a waya ba. Kuma kada ka matsa mata a kan ayin da het. Maƙogwaron Bature bai saba da su ba, yawancin 'yan Isra'ila na yau ma ba sa furta ayin. Ta faɗi het kamar ƙarshen "loch" na mutanen Sikotilan, ya wadatar.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na yanka kwali, gobe bayan karin kumallo za mu fara da shalom. Ɗalibi, ɗigon da ke raba bet da vet fa, in nuna mata yanzu ko in jira?

Ɗalibin Tauhidi: Yanzu, Kawu. Uku kawai: bet da vet, kaf da khaf, pe da fe. Da ɗigo sautin ya yi tauri, ba ɗigo ya yi laushi. Kalmar farko ta Farawa ma da bet mai ɗigo ta fara, ba za ta kauce masa ba.