Neman shawara: mai duba aikina ya ce in bar nazarin likita Ye Tianshi in koma kan rikicin 1929 na soke maganin gargajiya a Sin

Maman Haidar: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya ɗaure. Ina digiri na uku a wata jami'a a lardin Jiangsu, ƙasar Sin, fannin tarihin likitanci. Asali tarihi na karanta a gida. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ɗori yake yi, gado ne daga kakanmu. Har daga ƙauyukan nesa ake kawo masa masu karaya, amma duk abin da ya sani da shi ya tafi, ko layi ɗaya ba a rubuta ba. Yayyena maza babu wanda ya tsaya ya koya, ɗaya na kasuwar waya, ɗaya na aikin gwamnati. Shi ya sa da na ji cewa likitocin Sinawa na dā suna rubuta labarin majinyatansu ɗaya bayan ɗaya, abin da suke kira yi'an, na ce nan zan tsaya. Al'adar tsohuwa ce, tun ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) likita Chunyu Yi ya bar bayanin majinyata 25 a cikin littafin tarihin da masani Sima Qian ya rubuta.

Aikina a kan Ye Tianshi ne, likitan Suzhou da ya rasu wajajen 1746, wanda ya yi suna wajen cututtukan zafi, wato masu zazzaɓi. Littafin majinyatansa, Linzheng zhinan yi'an, almajirai ne suka tattara, aka buga kusan shekara 20 bayan rasuwarsa. Bayanan gajeru ne ƙwarai: sunan zuriyar mutum, wani lokaci shekarunsa, sai a ce bugun jijiya a miƙe kamar tsirkiya, harshe ya yi fari, sai jerin magunguna, sau da yawa babu ma awo. Ko ya warke ko ya mutu, galibi ba za a faɗa ba. Malamin da ke duba aikina ya ce babina na biyu bai tsayu ba, in koma kan rikicin 1929, lokacin da aka yi yunƙurin soke maganin gargajiya a Sin. Lokacin tallafina ya kusa ƙarewa. Ni kuma raina bai kwanta ba. Me zan yi?

Dakta Abu Safwan: Wa alaikumus salam. Malama, ki bi abin da sufabaizanki ya ce, babu wata doguwar shawara a nan. Na yi nawa a Malesiya, yanzu ina duba na ɗalibai, na san abin da nake faɗa. Shi zai sa hannu, shi zai tsaya miki ranar kare kundi. Ki gama, ki karɓi takardarki, daga baya ki rubuta littafi goma a kan wannan likitan in kin so.

Ɗan Zazzau a Shanghai: 'Yar'uwa, me ya ce bai tsayu ba, hujjar ko karatun nassin? Kuma a HSK, jarrabawar ƙwarewa a Sinanci, mataki na nawa kika ci? Don HSK Sinancin yau take aunawa, littattafan daular Qing kuwa, zamanin da Ye ya rayu, da tsohon harshe aka rubuta su, bugun katako, babu aya babu waƙafi. In can ne matsalar, ina ganin dalilinsa. A 1929 ne Yu Yunxiu, wani likitan zamani, ya kai ƙudurin soke maganin gargajiya gaban majalisar lafiya a Nanjing, likitocin gargajiya suka taru a Shanghai ranar 17 ga Maris suka ce ba su yarda ba, ƙudurin bai yi aiki ba. Jaridu da mujallun lokacin suna nan jibge a ɗakin karatu na Shanghai, kuma sun fi sauƙin karantawa.

Maman Haidar: Na gode Ɗan Zazzau. Karatun nake yi, a hankali dai, da ƙamus da bugun zamani mai ayoyi. Amma 1929 siyasa ce, taro da wasiƙun koke. Ni hannun likita nake son gani a kan majinyaci. Akwai wuraren da mutum ɗaya ke dawowa karo na biyu, na uku, sai ka ga Ye ya cire magani guda ya sa wani don harshe ya canza launi ko ƙishirwa ta ragu. A nan tunaninsa yake. Ga kuma Xu Dachun, likita ne na zamanin Ye, ya bi littafin yana sharhi, wani wuri ya yaba, wani wuri ya ce sam ba haka ba. Yaya zan bar wannan?

Hajiya Umman Khalil: Ƙanwata, ki gode wa Allah naki yana karanta babin har ya ce bai tsayu ba. Nawa ajiye babina ya yi a mota har aka shiga wani zangon, in na kira ya ce yana taro. Ga yara, ga aiki, ga kuɗin makaranta ana ƙara wa mutum kowace shekara kamar laifinsa ne. Har hawan jini na samu. Allah dai Ya isar mana.

Dakta Abu Safwan: Hajiya, irin wannan ne nake guje mata. Malama, kin faɗa da bakinki ba a rubuta sakamakon jinya ba, kuma ba shi ya rubuta ba. To me za ki tabbatar? Masu jarrabawa za su tambaye ki ta ina kika san abin da ya faru a ɗakin duba majinyaci ke nan, ba abin da almajirai suka zaɓa don ɗaukaka malaminsu ba. Tambaya ɗaya za ta rushe kundin.

Maman Haidar: Ranka ya daɗe, ai ban ce zan tabbatar maganin yana aiki ba, wannan ba aikin ɗan tarihi ba ne. Zaɓen da almajiran suka yi shi ma abin nazari ne, yana nuna abin da suke ganin ya cancanci koyarwa.

Ummu Sumayya: In dai labarin majinyata kike so, me ya hana ki duba Tan Yunxian? Mace ce likita daga Wuxi, nan lardinku, ta fitar da nata a 1511, majinyata 31 ne kacal, duk mata. Ita tana faɗin halin da matar take ciki, wahalar aiki ko baƙin cikin gidan miji, kuma an fassara shi zuwa Turanci. Ya fi ƙanƙanta, za ki iya riƙe shi a ɗan lokacin da ya rage.

Malam Bagobiri: Ni abin da ke ba ni mamaki, me ya kai ki tarihin likitocin wasu alhali namu na kwance? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basur, da Larabci, ga su nan kaɗan ne suka taɓa su. Ke da kike 'yar gidan ɗori! Ko ki yi kan maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda masaniyar Sin Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015 bayan ta duba littafin likita Ge Hong na ƙarni na 4. Wannan ko a gida za a gane amfaninsa.

Injiniya Sani Wuhan: Maganar tallafi ta taɓa ni. Mu hukumar da ta turo mu ta yi shiru da alawus ɗinmu, haya ma da rance muke biya. Ki tabbatar ko ana ƙara wa'adi kafin ki yi jayayya da kowa.

Maman Haidar: Malam Bagobiri, na gida yana raina, amma sai na ga yadda wasu suka adana nasu tukuna. Anti Ummu Sumayya, Tan 'yar zamanin daular Ming ce, kafin Qing, in na koma can duk abin da na tara a kan Suzhou ya tashi a banza. Kuma shi 1929 ya ce, bai ce Ming ba. Ranar Alhamis zan gan shi, ina so in roƙe shi in taƙaita aikin a kan masu dawowa karo na biyu kawai. Akwai wanda ya san mai koyar da tsohon Sinanci ta intanet, mai sauƙin kuɗi?

Dakta Abu Safwan: Kada ki je masa da roƙon nan. Ki je da tsarin babi na 1929 a rubuce, shafi biyu.

Ɗan Zazzau a Shanghai: Har yanzu ba ki faɗa mana abin da ya rubuta a kan babin ba.