Weji mai sabon fasali, ko a sauya wanda ya cinye da irinsa?

Nasiru: Assalamu alaikum, 'yan zaure. Shawara nake nema kan weji, sandar wasan golf ta gajeren bugu kusa da rami. Vokey SM7 ne guda biyu, masu kwanciyar fuska digiri 52 da 56, shekararsu biyar a jaka, ana wasa da su sau biyu a mako. Yanzu ƙwallo ba ta tsayawa a girin, wato shimfiɗar da ramin yake, tana sauka sai ta ci gaba da gangarawa. Kuɗin sanda biyu ne a hannu. In ɗauki irin waɗannan da tsagoginsu suka game fuskar duka, kamar Hi-Toe na TaylorMade, ko in sayi sabon Vokey mai lamba iri ɗaya?

Alhaji Bala: Wa alaikumus salam, Nasiru. Sau biyu a mako har shekara biyar zagaye kusan 500 ke nan, ban da atisaye. Su kansu Titleist, masu ƙera Vokey, cewa suke a fara duba fuskar weji tun daga zagaye 75. Duk da haka kada ka yanke hukunci da lissafi kaɗai. Jiƙa kan sandar a ruwan ɗumi da sabulu minti biyar, ka goge da burushin roba, ka bi kowace tsaga da bakin ti, ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo, har ƙasar da ta daskare ta fita. Sannan ka ja farcenka daga saman fuska zuwa ƙasa. Tsagogin sama, da ba sa shan duka, za su kama farcen. Idan ka iso ta uku zuwa ta biyar daga ƙasa farcen ya zame, ga wurin yana sheƙi kamar faɗin kwabo, to ta gama aiki.

Tsagar nan aikinta kamar na zanen tayar mota ne. Ita ke kwashe ruwa da ciyawa da ƙura daga tsakanin ƙarfe da ƙwallo. Shi ya sa cinyayyen weji yake yaudara a busasshen wuri mai tsafta, sai an shiga raɓar asuba ko ciyawar damina asirinsa ya tonu: ƙwallo ta zame ta haye fuskar, ta tashi sama fiye da kima, ta sauka ba juyin da zai tsayar da ita.

Injiniya Kabiru: Ƙari kan na Alhaji. Ka ari sabon 56 wajen wani, ka tsaya yadi 50 daga tuta, ƙwallo goma da tsohon, goma da sabon, ka ƙirga taku daga inda kowace ta faɗi zuwa inda ta tsaya. Ka maimaita bayan ka yayyafa wa fuskar ruwa. Sharaɗi ɗaya: da ƙwallon da kake wasa da ita za ka gwada, ba ta filin atisaye ba. Kuma wace ƙwallo ce ma? Idan mai taurin bawo ce, irin mai araha da aka yi don nisa, ko yau aka fito da weji daga masana'anta ba za ta tsaya ba. Mai laushin bawo na yuretan, irin su Pro V1 ko Chrome Soft ko TP5, ita ce tsaga ke iya kamawa.

Nasiru: Pro V1 ce, Injiniya. Na yi gwajin farcen yanzu. 56 ta shafe sumul a tsakiya, 52 tana ɗan kamawa.

Malam Habu: To batun 56 ya ƙare, saura tambayar fasali. Weji mai tsagogi har ƙarshen fuska ba baƙon abu ba ne sosai. Callaway sun fito da PM Grind tare da ɗan wasan golf Phil Mickelson a 2015, TaylorMade suka biyo da Hi-Toe a 2018, siffar dogon kan kuma tun Ping Eye2 na shekarun 1980 ake ganinta. Dalilin yinsa guda ne. Idan ka buɗe fuskar sanda ta kwanta, kamar a ramin yashi ko lokacin ɗaga ƙwallo sama daga kusa, dukan yana komawa can wajen tsinin fuska, inda weji na gargajiya ba shi da tsaga ko ɗaya. Sai aka miƙa tsagogin har can, aka ƙara tsayin kan. Ƙarin ƙarfen da ke sama kuma yana ɗaga cibiyar nauyi, ƙwallo ta riƙa fita ƙasa-ƙasa.

Wannan amfani na 58 da 60 ne, waɗanda ake buɗewa kullum. A 52, da ake buga cikakken bugu da fuska a miƙe, tsagar gefe ado ce kawai, ƙwallo ba ta zuwa can.

Kada kuma talla ta sa ka zaci wani kamfani ya samo tsaga mai zurfin da ya fi na kowa. Doka ta ɗaure su duka: faɗin tsaga ba ya wuce milimita 0.9, zurfi ba ya wuce kusan rabin milimita, kuma tun 2010 R&A da USGA, hukumomin da ke tsara dokokin golf, suka rage kaifin bakinta ga duk sandar da ta kai digiri 25. Kowa a bakin iyakar nan yake. Saboda haka tazarar da ke tsakanin cinyayyen weji da sabo ta fi wadda ke tsakanin sabo da sabo nesa ba kusa ba.

Hajiya Rabi: Malam Habu, na yarda da batun tsaga, amma ban yarda fasali ba ya canza komai ba. Ya danganta da mai riƙe sandar. Wanda sauran sandunansa masu rami a baya ne, masu yafe kuskure, sai kuma ya ɗauki weji siriri irin na ƙwararru, yana wahalar da kansa. Cleveland CBX da ire-irensa suna da faɗin gindi da rami a baya, ko ka ɗan daki ƙasa kafin ƙwallo sandar za ta zame ta wuce maimakon ta nutse. Ga kuma nauyin ƙota. Yawancin weji suna zuwa da ta ƙarfe mai kusan giram 130. Mai amfani da ƙotar girafayit ta giram 60 ko 70, kamar mata da yawa da dattawa, zai ji ta kamar taɓarya, bugunsa ya rikice. Wannan canjin fasali ne da ya cancanci kuɗinsa.

Malam Habu: Gaskiyarki, Hajiya. Ga wanda ke yawan tono ƙasa, faɗin gindi ya fi masa tsagar gefe amfani sau goma.

Baba Audu: Ku dawo kan gindin nan, don nan ne ake asarar kuɗi. Lamba ta biyu da ke jikin weji, wadda ake kira bawuns, ita ce kusurwar da bayan gindi ya sauko ƙasa da leɓen gaba. Digiri 4 zuwa 6 ƙarami ne, 8 zuwa 10 matsakaici, 12 zuwa 14 babba. Masu sayarwa a intanet sukan ce a ɗauki babba, don suna magana ne kan filayen da ake ban ruwa duk shekara. Mai wasa a Kano ko Kaduna daga Disamba zuwa Afrilu kan ƙasa yake bugu mai tauri kamar daɓe. Gindi mai 14 zai daki ƙasar ya yi tsalle, leɓen ya sari cikin ƙwallo, ta tsallake girin da gudu. Amma idan ka gudu zuwa 4, da ruwan Agusta ya sauka sandar za ta riƙa nutsewa kamar fartanya, ƙwallo ta faɗi gabanka.

Mai sanda biyu kacal ya tsaya a tsakiya. 56 mai bawuns 10 ko 8, wadda aka sassaƙe bayan gindinta da dunduniya, yadda in ka buɗe fuska leɓen ba zai ɗaga ba. A Vokey su ne masu harafin S da M. Masu K da F suna da cikakken gindi, sun fi dacewa da yashi mai laushi da zurfi. Ka duba ramukan yashin filinku: idan yashin ɗan kaɗan ne, ƙasansa da tauri, babban bawuns zai cuce ka.

Sadiq: Baba, wannan ɗan ƙarfen da ake sayarwa na wasa tsaga fa? Ba zai dawo da 56 ɗin ba?

Baba Audu: A'a, Sadiq. Ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi, ƙara yanka yake yi. Kuma tunda masana'anta a bakin iyaka ta yanka tsagar, ja biyu ko uku sun isa su fitar da sandar daga doka, a hana ka shiga gasa da ita. Sannan bai taɓa ɗan kaushin da ke tsakanin tsagogi, wanda shi ma ya shafe.

Injiniya Kabiru: Haka batun tsatsa. Weji marar rufin kurom, irin Jaws Raw ko fuskar MG4, zai yi tsatsa, kuma ba tsatsar ke ƙara juyi ba. Amfaninsa rashin ƙyalli a rana da kuma cewa ba a rufe bakin tsagar da wani abu ba. Kada wani ya jiƙa sandarsa a ruwan gishiri da sunan gyara.

Alhaji Bala: Wanda zai sayi na gwanjo, weji ita ce sandar da ta fi haɗari. Direba, sandar bugun nisa, mai shekara biyar yana nan da ƙarfinsa, weji mai shekara biyu wataƙila ya mutu. A nemi hoton fuska daga kusa cikin hasken rana. Sabo na manyan kamfanoni yana tsakanin dala 150 da 200. In an ce maka sabon Vokey cikin leda a sulusin haka, jabu ne: duba rubutun da ya karkace, fentin da ya malalo daga harafi, da robar riƙo mai warin taya. Hanya mai sauƙi ita ce sabon da ya kwana a shago. SM9 na 2022 da ba a taɓa bugawa ba zai yi maka abin da SM10 na 2024 zai yi.

Hajiya Rabi: Kuma kada ka jefar da tsohuwar 56. Yashi ne ke cin fuska fiye da komai, sai ƙwallayen atisaye masu ƙura. Yi atisayen rami da tsohuwar, sabuwar ta zauna don wasa, da jiƙaƙƙen tawul a jaka ana goge ta bayan kowane bugu. Masu wasa a filin da girin ɗinsa na rairayi ne kuwa, su rage damuwa da juyi, ƙwallo ba ta kama rairayi yadda take kama ciyawa. Gindi ya kamata su duba.

Malam Habu: Nasiru, kafin ka biya, digiri nawa ne sandarka mai harafin P, wadda 52 ke bi a jere? A da 47 ko 48 ne, amma saitin zamani da yawa sun sauko 43 ko 44.

Nasiru: Na duba, Malam. 44 ce.

Malam Habu: To akwai giɓin digiri 8 tsakaninta da 52, wajen yadi 20 ke nan da ba ka da sandarsa. Ana so tazarar ta tsaya tsakanin 4 da 6. Tunda 52 tana kamawa, kai ta wajen mai na'urar lanƙwasa sanda ya mayar da ita 50. Ƙarfen Vokey yana ɗaukar digiri biyu lafiya, sai dai ka sani kowane digiri da aka rage yana rage bawuns da digiri ɗaya. Idan 52 ɗin mai 12 ce za ta koma 10, idan mai 8 ce za ta koma 6, wannan sai ka yi hattara da damina. A sa mata sabuwar robar riƙo a lokaci guda. Sai ka sayi sabuwar 56 mai bawuns 10, harafin S. Kuɗin sanda ta biyu, in akwai gurbi cikin sanduna 14 da doka ta yarda a ɗauka, nan ne Hi-Toe mai 60 zai shiga, bawuns ƙarami ko matsakaici, kuma ka gwada buɗe ta a ramin yashin filinku kafin ka biya.