Wa ya taɓa farfaɗo da gonar da ta gaji? Ku ba mu labari

Sakataren ƙungiya: Salamu alaikum jama'a. A zaman da muka yi ran Asabar malamin gona ya ce ƙasarmu ta gaji, wai takin zamani abincin shuka ne, ita ƙasar sai da na gargajiya take farfaɗowa. Magariba ta yi ba mu gama ba, dan Allah duk wanda ya gwada wani abu da hannunsa ya faɗa mana a nan.

Mai gonar jigawa: Wa alaikumus salam. Ni kam gaskiyar malam ce. Gonata rairayi ce zalla, in na zuba yuriya aka yi ruwa mai ƙarfi shikenan ta bi ruwa, dawa ta yi kore kwana kaɗan ta koma ɗorawa, ga wuta-wuta ta ci rabin gonar. Da na yi shiri da Fulani suka riƙa kwana da shanu a ciki bayan girbi, ni kuma in bar musu kara, wlh inda shanun suka kwanta daga kan hanya ma za ka gane shi.

Hajiya mai kaji: Alhaji na yarda amma a faɗa wa mutane kar a kai kashin kaji ɗanye gindin shuka, zafi gare shi yana ƙona ta. Ni rami nake yi bayan gida in zuba shi da sharar tsakar gida da ragowar harawar da awaki suka tattake, in riƙa yayyafa ruwa ina juyawa har ya yi baƙi warin ya tafi, sannan yara su kai gona a amalanke kafin ruwan shuka. Leda dai a tsince ta, ita ba ta ruɓewa.

Baƙo daga Maraɗi: Mu nan wajenmu gawo ba a taɓa shi. Da damina yake zubar da ganye, baya tare ma hatsi rana, da rani kuma bisashe su taru ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yan suna barin kashi. Lokacin sassabe ma bama tumɓuke kututture, sai mu bar reshe biyu uku masu ƙarfi mu gyara su su tashi. In ƙasa ta yi tauri kuma tassa muke ginawa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa, mu sa taki ciki.

Ɗan autan ƙungiya: Baba ni waken soya na sa inda masara take, shekara ta zagayo na maida masara, ta yi kyau sosai kuma wuta-wuta ta ragu. Sai dai tambaya, mu da bamu da shanu ko jaki fa? Mangalar taki ma yanzu kuɗi ce.

Mai gonar jigawa: Yaro kar ka watsa shi gona duka, cikin hannu ɗaya a kowane rami ya isa ka fara.

Sakataren ƙungiya: Madalla. Hajiya in ba damuwa zama na gaba a gidanki za mu yi mu ga ramin nan, kuma masu tumaki da awaki ku zo da adadinsu saboda maganar allurar rigakafi.